Zambo da siyasa a Ingila ta zamanin Dryden: makamin wa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatun adabin Turanci a jami'a, an ba mu waƙar John Dryden mai suna Absalom and Achitophel. Abin da na taso da shi shi ne, zambo makamin talaka ne da yake jifan masu mulki da shi. To sai ga shi an ce Dryden mawaƙin fada ne, sarki ke biyansa albashi. Shin zambon siyasa na ƙarshen ƙarni na 17 a Ingila na 'yan adawa ne ko na gwamnati? Kuma ya taɓa sauya wani abu, ko nishaɗi ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowane ɓangare ya yi zambo, kuma kowa ya ji a jikinsa. Amma waƙar da ta fi duk sauran kyau, wadda har yau ake koyar da ita, don sarki aka yi ta, kuma wanda aka yi wa zambon yana tsare a kurkuku a lokacin, ana neman ransa. Idan wannan ya dame ka, to ka fara fahimtar zamanin ke nan, domin ni ma shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai duk lokacin da na koyar da waƙar.

Sai ka fara sanin irin fargabar da mutanen ke ciki. A watan Janairu na 1649 Turawan Ingila suka fille wa sarkinsu Charles na Ɗaya kai bayan yaƙin basasa. Suka zauna shekara goma sha ɗaya ba sarki, Oliver Cromwell ya riƙe ƙasar da soja har ya mutu a 1658, sannan a 1660 aka dawo da ɗan sarkin da aka kashe, Charles na Biyu. Wanda ya haura shekara arba'in a 1680 ya ga wannan duka da idonsa. Saboda haka tsoro iri biyu ne ke yawo a ƙasar. Wasu na tsoron a mayar da su ɗarikar Katolika a kuma yi musu mulkin kama-karya irin na Louis na 14 a Faransa. Wasu kuma na tsoron a sake ɓarkewa da yaƙi, a sake kashe sarki. Duk wata waƙar zambo ta wannan zamani da za ka ɗauka, ɗaya daga cikin waɗannan tsoro biyu take hura wa wuta.

Kuma faɗin magana ba sauƙi gare shi ba. Dokar 1662 ta hana buga littafi sai da izini, aka naɗa Roger L'Estrange ya riƙa farautar masu buga takardu a ɓoye. Don haka mafi yawan zambon da ya taɓa sarki ba a buga shi ba, da hannu ake kwafa, ba sunan mai shi, wannan ya ba wancan. Inda ake karanta shi kuwa gidajen shan gahawa ne na Landan, inda da kobo ɗaya mutum zai zauna ya ji labarin gari. Abin ya kai ga sarki ya ba da sanarwar rufe gidajen gahawa a ƙarshen Disamba na 1675, amma ko mako biyu ba a yi ba ya janye, saboda ya ga ba za ta yiwu ba.

A farkon dawowar sarauta, zambon da ya yi tashe na masu nasara ne a kan waɗanda suka faɗi. Hudibras ta Samuel Butler, wadda kashinta na farko ya fito da shekarar 1663 a bangonsa, ta mayar da masu tsananin addinin da suka yaƙi sarki abin dariya, sarki kuma ya so ta ƙwarai. Ba zan daɗe a kanta ba.

Wanda ya dace da abin da ka taso da shi shi ne Andrew Marvell, wakilin garin Hull a majalisa. A watan Yuni na 1667 jiragen yaƙin Holan suka shigo kogin Medway, suka ƙone jiragen Ingila a gida, suka ja babban jirgin da ke ɗauke da sunan sarki, Royal Charles, suka tafi da shi. Abin kunya ne da ba a taɓa gani ba. Kafin nan, Edmund Waller ya yi waƙar yabo wadda a cikinta yake umartar mai zane ya zana nasarar da ƙanen sarki ya samu a teku. Sai Marvell ya ɗauki wannan salo ya juya shi: a waƙarsa Last Instructions to a Painter ya ce wa mai zanen to zana mana wannan ma, zana fadawan da suka cinye kuɗin jirage, da matan da sarki ya ajiye, da ma'aikatan ruwa da ba a biya ba. Dabara ce da duk wanda ya san maroƙa zai gane, a ɗauki kiɗan yabo a ɗora masa zambo. Marvell bai sa sunansa ba, kuma da ya rubuta littafinsa na 1677 kan yadda Katolika da mulkin danniya ke ƙaruwa a Ingila, gwamnati ta sa lada ga wanda ya tona marubucin.

Akwai kuma John Wilmot, mai sarautar Rochester. (Manyan Ingila da sunan sarautarsu ake kiransu, kamar yadda mu ma za mu ce Galadima ko Madaki ba mu ambaci sunan yanka ba.) Shi ɗan cikin fada ne, abokin hirar sarki, amma ya yi wa sarkin zambo mai ƙazanta a kan cewa mata ne ke juya shi, har ya bar fada na ɗan lokaci. Ya mutu a 1680 yana da shekara 33. Irin nasa bai girgiza gadon sarauta ba, don bai kira kowa ga wani tsari ba. Sarki kan yi fushi, ya huce, ya dawo da shi.

Lamarin ya sauya a 1678. Wani maƙaryaci mai suna Titus Oates ya fito ya rantse cewa 'yan Katolika sun ƙulla makircin kashe sarki su ɗora ƙanensa James, wanda kowa ya san ya koma Katolika tun da dokar 1673 ta tilasta masa ajiye shugabancin rundunar ruwa. Sai aka tsinci gawar alƙalin da Oates ya yi rantsuwa a gabansa, Edmund Berry Godfrey, a watan Oktoba. Gari ya ruɗe. Fiye da mutum ashirin aka kashe bisa shaidar zur, na ƙarshensu Oliver Plunkett, babban limamin Katolika na Ayalan, a Yuli na 1681. Sarki ba shi da ɗa ta hanyar aure, don haka James ne mai jiran gado. Anthony Ashley Cooper, mai sarautar Shaftesbury, ya ja ragamar masu neman majalisa ta yi doka ta cire James daga layin gado, wasunsu kuma suna son a ɗora Monmouth, babban ɗan sarki wanda ba ɗan aure ba ne amma Furotesta ne, kyakkyawa, mai farin jini wajen jama'a. A nan ne aka samu sunayen jam'iyyu biyu na farko a Ingila, kuma dukansu zagi ne tun asali. Whig sunan 'yan tawayen addini ne na Sikotilan, Tory kuma sunan 'yan fashin Ayalan. Kowa ya liƙa wa abokin gabarsa, sunan ya bi shi: masu neman a cire James suka zama Whig, masu goyon bayan sarki kuma Tory. A daidai wannan lokaci, a 1679, wa'adin dokar buga littafi ya ƙare ba a sabunta ba, takardu suka cika gari kamar fari.

Majalisar wakilai ta amince da dokar cire James a Nuwamba na 1680, majalisar masu sarauta ta kayar da ita. Sarki ya kira wata majalisa a Oxford a Maris na 1681, ya rushe ta bayan mako ɗaya, kuma bai sake kiran wata ba har ya mutu, domin ya samu kuɗi a asirce daga Faransa. Ka lura da wannan sosai. Da aka rufe majalisa, fagen fama ya koma kotu, da mumbarin coci, da titi, da waƙa. A watan Yuli aka kama Shaftesbury da laifin cin amanar ƙasa aka kai shi Hasumiyar Landan, kurkukun manya. Ranar 24 ga Nuwamba aka sa don 'yan gari masu tantance ƙara su duba ko akwai hujjar gurfanar da shi. Kimanin mako guda kafin ranar, waƙar Dryden ta fito, ba suna a kanta.

Labarin da ya ɗora ta a kai yana cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, a Sama'ila ta Biyu: Absalom ɗan Dawuda ya yi wa mahaifinsa tawaye, mashawarcin sarki Ahitofel ya bi bayansa. Babu wannan ƙissa a Alƙur'ani, kuma yadda Dryden ya siffanta Dawuda ba abin da Musulmi zai yarda da shi ba ne game da Annabi, don haka ka karanta da sanin cewa Charles yake nufi. Masu karatunsa kuwa sun haddace labarin tun suna yara, sun san wanda Allah ya zaɓa da wanda ya halaka. Da ka yarda Charles ne Dawuda, an gama shari'a kafin a fara. Monmouth ya zama Absalom, Shaftesbury Ahitofel, Ingilawa Bani Isra'ila masu yawan gunaguni, Landan Urushalima, Faransa Masar, Louis kuma Fir'auna. A tsarinmu wannan ya haɗa habaici da zambo wuri ɗaya: ba a ambaci sunan kowa ba, amma an siffanta kowa yadda ko yaro zai nuna shi da yatsa.

Dubi inda gwanintar ta fara. Babban rauni a hujjar sarki shi ne neman matansa, don shi ya haifar da Monmouth, shi ya haifar da rikicin. Mawaƙin fada mai ƙaramar basira zai kauce wa zancen. Dryden da shi ya buɗe waƙar, cikin raha, yana cewa a wancan zamani na dā ba a ɗauki yawan mata laifi ba, sarki mai zafin jini ya baza 'ya'ya a ƙasa. Ya riga abokan gaba faɗin abin, ya sa ka yi murmushi, ya zare wa maganar dafi. Haka ya yi da makircin Oates, bai ce ƙarya ce zalla ba, ya ce akwai 'yar gaskiya amma an dama ta da ƙarya. Mai karatu sai ya ji kamar yana gaban mutum mai adalci, ya saki jiki.

Sannan ya zo kan Shaftesbury. Bai ce wawa ne ba. Ya ce mutum ne mai kaifin basira da ƙarfin hali, mai ruhi kamar wuta da ta cinye ɗan ƙaramin jikin da take ciki. Ya kwatanta shi da matuƙin jirgi wanda ba ya jin daɗi sai igiyar ruwa ta tashi, mai neman hadari da kansa, wanda idan ruwa ya lafa sai ya kai jirgi bakin yashi don a ga iyawarsa. Ya ce tsakanin babbar basira da hauka ɗan siririn shamaki ne. A wani bugu na baya har an ƙara baitocin da suka yaba masa a matsayin alƙali mai tsabtar hannu. Duk wannan yabo ƙugiya ce. Saƙon shi ne mutumin nan ya fi ƙarfin a bar shi, ko ya mulki ƙasa ko ya rushe ta. Kuma kada a rufa wa Dryden asiri: ya taɓa rashin lafiyar mutumin, ya kira ɗansa dunƙulen nama marar siffa. Wannan ba adalci ba ne, cin mutunci ne, kyawun baiti bai wanke shi ba. Shaftesbury yana yawo da bututun azurfa a cikinsa tun aikin da aka yi masa a 1668 ƙarƙashin kulawar John Locke, likitansa kuma masanin falsafa, kuma marubutan Tory sun mayar da wannan abin ba'a.

Monmouth kuwa an lallaɓa shi, domin sarki yana son ɗansa. An nuna shi yaro ne mai kirki da tsoho ya hure wa kunne da daɗin baki, yadda Shaiɗan ke yi a waƙoƙin mawaƙin Ingila John Milton. Dryden ya tsayar da labarin kafin ƙarshensa, ya ce a gabatarwa ba zai iya nuna Absalom cikin halaka ba, yana fatan sulhu. Amma kowa ya san Ahitofel rataye kansa ya yi, Absalom kuma an kashe shi yana reto a itace. Shirun ya fi faɗa tsoratarwa.

Wurin da Dryden kansa ya fi alfahari da shi shi ne Zimri, wato George Villiers mai sarautar Buckingham, wanda ya taɓa yi masa ba'a a wasan kwaikwayo a 1671. Ya siffanta shi da mutumin da ya zama kowa da kowa, a cikin wata ɗaya masanin haɗa sinadarai ne, mai goge ne, ɗan siyasa ne, wawan sarki ne, komai ya fara ba ya ƙarasawa, gwaninsa kawai ɓarnar dukiya. A 1693 Dryden ya rubuta cewa akwai bambanci tsakanin yi wa mutum yankan mahauta da saran gwani wanda zai raba kai da jiki ya bar kan a zaune a wurinsa. Abin da ya ba shi damar haka shi ne ma'aunin waƙar. 'Yar ƙwar biyu ce, ɗango biyu masu amsa-amo ɗaya, kowanne gaɓa goma, fiye da ɗango dubu. Ɗango na farko ya ɗaga mutum, na biyu ya kayar da shi, amsa-amon ya rufe ƙofa. Idan kana karantawa, ka karanta da murya, za ka ji inda sarar take sauka.

Yanzu ka ajiye wannan kusa da wani labari na shekarar. Stephen College kafinta ne ɗan Whig, mai yin waƙoƙin kan titi. An jingina masa wata waƙa mai suna A Raree Show, wadda ta nuna sarki a matsayin mai wasan kallo da ya goyo majalisa cikin akwati yana yawo da ita, tana kiran a kayar da shi. Masu tantance ƙara na Landan suka ƙi gurfanar da shi, sai gwamnati ta mayar da shari'ar Oxford inda take da mutanenta. Waƙar na cikin hujjojin da aka kawo. Ranar 31 ga Agusta 1681 aka rataye shi aka daddatsa gawarsa. Wata biyu da rabi bayan haka mawaƙin da ke da albashin shekara-shekara daga fada ya fitar da tasa waƙar. Sana'a ɗaya, shekara ɗaya, rikici ɗaya. Dryden ma ba a tsira yake ba, don a Disamba na 1679 wasu 'yan daba sun lakaɗa masa duka a lungun Rose Alley bisa zargin wata waƙar zambo. Amma duka a lungu daban, igiyar hukuma daban. Duk wanda ya koya maka wannan zamani ya ambaci Dryden ya bar College, ya ba ka rabin labari.

Game da ko ya sauya wani abu, a kotu dai waƙar ba ta yi aiki ba. Jami'an Landan da ke zaɓen masu tantance ƙara 'yan Whig ne, masu tantancewar suka rubuta kalmar Latin Ignoramus a kan takardar, ma'ana ba mu san da wannan ba. Shaftesbury ya fita, aka kunna wuta a tituna don murna, aka buga lambar tunawa da hotonsa, Dryden ya mayar da martani da waƙar The Medal a Maris na 1682, wadda ta fi zafi amma ba ta kai ta farko ba, don a cikinta ya daina nuna adalci. Abin da ya karya 'yan Whig shi ne kuɗin Faransa, da rufe majalisa, da ƙwace kujerun jami'an Landan a 1682. Shaftesbury ya gudu Holan ya mutu a Amsterdam a Janairu na 1683. Amma sarki ba zai iya yin wannan duka ba sai da masu faɗa a ji suka fara jin tsoron yaƙi fiye da tsoron Fafaroma, kuma a nan waƙar ta yi aikinta. Marubuci Samuel Johnson ya ruwaito daga mahaifinsa, mai sayar da littattafai, cewa bai ga abin da aka saya kamarta ba sai littafi ɗaya tak.

Ƙarshen da Dryden ya ƙi rubutawa ya zo a 1685. Charles ya mutu, James ya hau, Monmouth ya yi tawaye, aka ci shi da yaƙi a Sedgemoor, aka fille masa kai a watan Yuli. Shekara uku bayan haka kuma zambo ya juyo kan James. Wata waƙar kan titi mai suna Lillibullero, wadda Thomas Wharton ya yi yana kwaikwayon bakin 'yan Katolikan Ayalan, ta shiga bakin sojoji da farar hula a 1688, lokacin da William na Orange, wanda ya karɓe gadon daga hannun James, ya sauka Ingila. Ba ta da ko kashi ɗaya cikin goma na fasahar Dryden, kuma cike take da raina ƙabila, amma Wharton ya yi taƙama cewa da ita ya kori sarki daga masarautu uku. Kiɗanta ne sashen Turanci na BBC ya daɗe yana sawa kafin labarai. Dryden, wanda ya koma Katolika a zamanin James, ya ƙi yi wa sabon sarki mubaya'a, ya rasa sarautar waƙa. Aka ba Thomas Shadwell, mutumin da Dryden ya naɗa sarkin daƙiƙai a waƙarsa Mac Flecknoe. Bai sauya addini don ya dawo da albashi ba, ya ci gaba da neman abinci da fassara har ya mutu a 1700, kuma wannan na cikin abin da ya sa ba na yarda a kira shi maroƙin ciki kawai, duk da cewa ya yabi Cromwell a 1659 ya kuma yabi Charles a 1660.

Inda waƙar ta fi yin tasiri shi ne bayan an binne kowa. Abin da Shaftesbury ya nema ya tabbata: a 1689 majalisa ta haramta wa ɗan Katolika hawa gadon Ingila. Shaftesbury yana cikin waɗanda suka tsaya aka yi dokar 1679 da ta ƙarfafa haƙƙin wanda aka tsare na a kawo shi gaban alƙali, kuma a gidansa Locke ya yi shekaru yana nazarin da ya haifar da littattafansa kan iyakar ikon sarki. Yana da nasa laifin babba, don ya hau ƙaryar Oates ya yi sukuwa alhali ana kashe marasa laifi. Idan za ka rubuta jinga a kan waƙar, ka nemo waɗannan duka ka ɗora su kusa da baitocin Ahitofel, domin ɗaliban da na koyar, kusan dukansu, abin da suka fara sani game da mutumin shi ne ɗan ƙaramin jiki da matuƙin jirgi mai neman hadari.